Jinin Mamaci a Cikin Firizarmu

Ba zan taɓa mantawa da 'yar kwalba mai lamba goma sha bakwai ba. Ko da ma na so in manta, akwai wata unguwar masunta a bakin gulbi, bayan Argungu, da mutanenta suka sha alwashin ba za su bar ni ba. Har yau in na sauka daga kan kabu-kabu a can, kafin in gama sallama wata tsohuwa za ta leƙo ta kan katanga ta ce, “Lale da Mai Maida Jini!” Sai dariya ta tashi gida-gida, ni kuwa in sunkuyar da kai in yi kamar ina neman wani abu a jaka. Bari in faɗa muku yadda na samo sunan da bakina, don na gaji da jin labarin a bakin wasu suna ƙara masa gishiri.

A lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwajen jini a Birnin Kebbi, ina kuma ƙarin karatu. Wallahi ina ji da kaina ba kaɗan ba. Farar riga har gwiwa, biro uku a aljihu (ɗaya ma ba ya rubutu, don ado nake saka shi). Duk wanda ya yi maganar aljanu ko fatalwa a gabana sai ya sha lacca. Mahaifiyata a Nassarawa in ta ce kada in watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bismillah, sai in yi murmushin nan na masu ilimi in ce, “Hajiya, mu fa 'yan kimiyya ne.” Ita kuwa sai ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce Allah ya shirya.

Bincikena a kan wata ƙwayar halittar gado ne da ake kira MX1. Kada sunan ya ba ku tsoro, aikinta mai sauƙin ganewa ne. Idan cutar bairos ta shiga jikin mutum, ƙwayoyin jikin da ta fara kamawa sukan saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda shi ne ihun “ɓarawo!” na jiki. Da fararen ƙwayoyin jini sun ji ihun, sai su tashi MX1 daga barci, ita kuma ta ƙera abin da zai hana bairos hayayyafa. A jikin mai lafiya tana kwance shiru, da ƙyar na'ura ke jin motsinta. In ka ga ta miƙe tsaye, to akwai baƙo a gidan, ko da mai gidan yana yawonsa garau bai sani ba. Aikina shi ne in ɗebi jinin manoman shinkafa da masunta, in ga a jikin wa take kwance, a jikin wa take tsaye. Kuma mun yi wa mutane alkawari a gaban mai unguwa cewa duk wanda aka ga wani abu a jininsa, za a dawo a gaya masa. Ku riƙe wannan alkawarin, za mu dawo kansa.

Ranar da abin ya fara, na kafa teburina a barandar ƙaramin asibitin unguwar. Na ɗebi jinin mutum goma sha shida kafin a kira azahar. Kowa ya watse ya nufi masallaci, har ma'aikacin asibitin, ni na tsaya in rufe kaya tukuna. Wurin ya yi tsit. Rana ta take, ko kaza ba ta motsi, ba abin da ake ji sai wani tsuntsu can wajen gulbi yana maimaita kuka ɗaya.

Ban ji takun kowa ba. Na ɗago kai kawai na ga mutum tsaye a gabana. Dattijo ne dogo siriri, da tsagen Kabawa a kumatunsa, wandonsa jiƙe har gwiwa, ruwa na ɗiga a siminti.

“Kai na mai ɗibar jini?” ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

“Ni ne, Baba. Bismillah, zauna.”

Da na kama hannunsa in ɗaura igiya, sai da na ɗan zabura. Sanyi ƙalau, a tsakiyar wannan zafin. Jinin ya fito a hankali, baƙi-baƙi (jinin jijiya dama haka yake, na sani, na ci jarrabawa a kansa, amma daga baya wannan sanin bai yi mini ranar komai ba). Yana kallon sirinjin ya ce, “Wanga jini, ina za a kai shi?”

“Birnin Kebbi, Baba.”

“Da sunan mutum bisa?”

“Da suna mana, don kada ya ɓace.”

Ya juya ya daɗe yana kallon wajen gulbi. Sannan ya ce, “Rubuta Garba. Garba Mai Homa. Gidan da ke ƙarƙashin giginya biyu.”

Na rubuta. Na miƙa masa takarda ya dangwala yatsa, amma yatsan a jiƙe yake, tawadar ta watse ta zama wani baƙin dabbare ba zane. Na juya in saka kwalbar a akwatin ƙanƙara, na juyo in yi masa godiya, babu shi. Sai sawun ƙafa na ruwa da suka sauka daga baranda suka nufi gulbi, rana na shanye su ɗaya bayan ɗaya a idona. Na ce a raina mutanen ƙauye ba su iya bankwana ba, na tafi na yi sallata.

Babbarmu a ɗakin gwaji Anti Ngozi ce. Iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a nan aka haife ta, kuma Kabancinta ya fi nawa kauri nesa ba kusa ba. Muna tare da ita ranar da na saka samfuran a na'ura. Na'urar takan zana wa kowane jini layi a fuskar kwamfuta, wanda MX1 ta yi yawa a cikinsa shi ne layinsa ke fara ɗagawa. Layukan kowa suna kwance lafiya, sai na goma sha bakwai ya miƙe shi kaɗai ya bar 'yan'uwansa. Na sake, ya sake miƙewa. Anti ta karɓi ragowar jinin ta yi masa wasu gwaje-gwajen, ta dawo fuskarta ba walwala. Ciwon hanta ne, nau'in da ake kira C.

“Wanga ciwo ba ya ihu,” ta ce, “cin hanta yakai a hankali har ya gama. Amma yanzu akwai magani nai, ƙwayoyi na 'yan watanni, a rabu da shi. Gobe-goben ga ka tahi ka nemo dattijon ga.”

Washegari da hantsi na isa gidan giginya biyu. Na tarar da wata tsohuwa a ƙofar gida tana bakacen shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, Garba Mai Homa nake nema.”

Faifan ya tsaya cak a hannunta. “Wa kac ce?”

“Garba Mai Homa.”

“Ɗana, ni ta matar Garba. Damina ukku ke nan da rasuwa tai. Gulbi yac ci shi, kwana biyu anka yi ana nema kahin a gane shi.”

Na yi dariya, irin dariyar da ba ta wuce haƙora. Na ce to wani Garban ne, wanda nake nufi dogo ne siriri mai tsage. Ta shiga ciki ta fito da wani tsohon hoto a cikin leda ta miƙo mini. Jama'a, shi ne. Goshin, idon, tsagen, har yadda ya ɗan karkatar da kai. Na ji bakina yana cewa, “Makon jiya na ɗebi jininsa,” sai na tuna da sanyin hannun, da ruwan da ke ɗiga, da sawun da suka koma gulbi. Iska ta kaɗa ganyen giginya a kaina ya yi wani irin ƙara kamar ana jan busasshiyar tabarma. Hoton ya faɗi daga hannuna. Ina jin tsohuwar a bayana tana kira, “Tsaya, ɗana! Tsaya in hwaɗa maka!” Ina! Ban san lokacin da na kai bakin titi ba.

To a nan ne ainihin abin kunyar ya fara, ba wanda ake yi mini dariya a kansa ba. Da na dawo Anti ta tambaye ni, sai na kalli tsabar idonta na shirga mata ƙarya. Na ce mutumin ya tafi su can ƙasan gulbi, na bar saƙo, zai zo da kansa. Ta yaya ɗan kimiyya mai biro uku zai buɗe baki ya ce ya ɗebi jinin mamaci? Na naɗe kwalbar a leda uku na cusa ta can ƙasan firiza, na ɗora mata kwalaye.

Sati uku na yi a haka. Kullum da safe in na buɗe ɗakin sai in tarar da ruwa ya fito daga ƙarƙashin firizar, siriri, ya miƙe ya nufi ƙofa. Ba ta gefen taga ba, ba ta gefen teburi ba, ƙofa dai, kamar wani ya fita. In goge, gobe ya dawo. Tafin hannuna na dama da na riƙe dattijon da shi ya fara yi mini sanyi haka kawai. Na daina cin kifi, ni da ba a raba ni da romon ragon ruwa. In firizar ta yi ƙugi sai in ji kamar numfashi ne. Wata ranar Hajiya ta ji ni ina rangaɗa bismillah har sau uku kafin in zubar da ruwan wanka. Ta dai gyara ɗaurin ɗankwalinta tana murmushi, kuma wannan murmushin ya fi mari zafi.

Ranar da asirina ya tonu, na riga kowa zuwa aiki, ɗauke da gorar ruwan tofi da ɗan kasko na turaren wuta da na ɓoyo a jaka. Na tsuguna gaban firiza, hayaƙi na tashi, ina yayyafa ruwa ina cewa, “Baba Garba, ni ban sani ba, aiki aka sa ni.” Sai na ji an ajiye jaka a bayana.

“Mi kakai haka?” in ji Anti Ngozi.

Babu sauran mafita, na zayyana mata komai. Ta zauna a kujera ta yi dariya har da hawaye, har tana dukan teburi. Sai kuma ta tsaya lokaci ɗaya, fuskarta ta sauya.

“To, ɗan kimiyya. Hwaɗa min, mi ka tada MX1?”

“Intaferon, Anti.”

“Wa ka sakin intaferon?”

“Ƙwayoyin jiki. Masu rai.”

“To mamacin damina ukku, ina yas samo su? Kasuwa yas saye?” Ta nuna firizar da yatsa. “Wanga jini da kanshi ya hwaɗa maka mai shi na da rai, yana faɗa da ciwo. Kai ka karanta, kai ka rubuta a littafi. Akwai bawan Allah can hanta tai na lalacewa, kai kana nan kana yi wa firiza turare. Sati ukku! Ba ka ji kunya ba?”

Na ji, wallahi na ji, har cikin ƙashina. Ƙwaƙwalwata ta yarda da ita ɗari bisa ɗari. Matsalar ita ce ƙafafuna ba su halarci wannan laccar ba.

Washegari da safe muka kama hanyar Argungu tare. Gidan giginya biyu a rufe, maƙwabta suka ce kowa yana fadama ana yankan shinkafa. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin gonaki, Anti a gaba ni a baya, sanye da farar rigata don in ƙara wa kaina ƙwarin gwiwa. Rana ta kusa tsaka. Shinkafa ta kai mini ƙirji hagu da dama, ba iska, ba murya, ba kowa a ido. Tsuntsun nan na ranar farko ya fara kukansa. Na ce, “Anti, ko mu dawo gobe?” Ba ta ko waiwayo ba.

Sai shinkafar da ke gabanmu ta dare biyu. Daga cikin magudanar ruwa mutum ya taso a hankali, kai, kafaɗa, ƙirji, homar kamun kifi a rataye, ruwa na zuba daga jikinsa. Dogo, siriri, mai tsage. Ya zuba mini ido ya ce da wannan muryar tasa ta ƙasa-ƙasa, “A'a, mai ɗibar jini. Kai nika jira.”

Ihun da na yi, an ce har masu jirgi a gulbi sun ji. Na yi jifa da jaka, na juya da gudu (na bar mace ita kaɗai da fatalwa, a rubuta wannan ma a cikin zunubaina), taku huɗu ƙafata ta zame na afka cikin taɓo har ƙugu. Na ja ƙafa, takalmi ya zauna a ciki. Na waiwaya, ga shi yana tahowa ta cikin ruwa, ya miƙo hannu. Sai na runtse ido, na ɗaga hannuwa sama, na kwarma da iyakar ƙarfina:

“Baba, ka yafe mini don Allah! Wallahi zan maida maka jininka! Yana nan cikin firiza, ɗan kaɗan kawai muka taɓa!”

Na buɗe ido ɗaya. Ashe fadamar da na ɗauka ba kowa cike take da mutane, a sunkuye suke. Ga su sun miƙe ta ko'ina, maza da lauje a hannu, mata masu kala da ƙwarya a ka, duk ni suke kallo. Wata ce ta fara fashewa, sannan fadama ta ɗauka gaba ɗaya. Anti Ngozi ta tsuguna a kan hanya ta riƙe ciki. Dattijon shi kaɗai ne bai yi dariya ba, ya kama hannuna ya fizgo ni daga taɓon. Hannun nasa sanyi ƙalau kamar ranar farko, kuma sai a lokacin kwanyata ta gaya mini cewa duk wanda ya wuni cikin gulbi tun asuba haka hannunsa yake.

Muka zauna a inuwa, ni da takalmi ɗaya, farar riga ta koma kalar kunun kanwa. Tsohuwar nan ta iso da ƙwaryarta tana share hawayen dariya. “Shi nika son hwaɗa maka ranan,” ta ce, “kaz zuba da gudu. Wanga Manu na, ƙanen mai gidana, uwa ɗaya uba ɗaya. Gida guda muke.”

Na ce, “To Baba, don me ka ce mini Garba?”

Ya dube ni kamar na yi tambayar da ko jariri ya san amsarta. “Yaro, jini da suna ba a haɗa wa baƙo su. Wanda yas samu jininka yas samu sunanka, ya same ka duka, abin da yaga dama shi zai yi da kai. Kai kac ce sai da suna. Sai na ba ka na Garba, shi yana inda ba abin da ka iske shi.” Ya ce shi ya sa ma ya jira kowa ya tafi masallaci, don kada wani ya ji ya tona.

Anti ta tambaye shi, tun da yana tsoro, me ya kawo shi tun farko. Ya dafa gefen cikinsa na dama. Ya ce ya daɗe yana jin nauyi a wurin, ga gajiya, homa ma ta fara yi masa nauyi, kuma ya ji mun ce za mu dawo da amsa. “Suna na ƙarya na ba ka, amma gida na gaskiya na. Da anka ce ka zo ka gudu, na ce wata ƙila uzuri yat taso maka. Kowace ranar kasuwa sai in tahi barandar asibiti in zamna har la'asar, ko ka dawo.”

Taɓon da ke jikina bai dame ni ba kamar wannan maganar. Ranakun kasuwa uku dattijo mara lafiya yana zaune a baranda yana kallon hanya, ni ina Birnin Kebbi ina yi wa firiza tofi.

A satin muka kawo shi asibiti. Likita ya ce ciwon ya riga ya bar tabo a hantar, amma ba a makara ba. Ya sha ƙwayoyinsa ba fashi, matar wansa na tsaye a kansa. Da za a buɗe masa kati, sunansa na gaskiya a kunnen Anti ya raɗa, ni ya juya mini baya, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan watanni ni na sake saka jininsa a na'ura da hannuna. Layin ya kwanta lumui tare da na kowa, MX1 ta koma barcinta. Ruwan ƙarƙashin firiza kuwa, bututu ne ya toshe, kuma daɓen ɗakin ne ya gangara ta wajen ƙofa. Mai gyara bai yi minti goma a kai ba.

Ranar da na kai masa sakamakon, na same shi yana ɗinkin homa a ƙarƙashin giginya. Na faɗa masa ciwo ya tafi, na kuma ba shi haƙuri a kan sati ukun nan, karo na ban san nawa ba. Ya yi hamdala, ya ci gaba da ɗinkinsa, can ya ce, “Bar shi, ɗana. Ni tsoro yas sa na ɓoye sunana, kai tsoro yas sa ka ɓoye jinina. Dut wautarmu guda ta.” Ya ciji zaren ya tofar. “Sai dai ni ba a kashe kuɗin boko bisa kaina ba.”

Tun daga ranar na rage biro zuwa ɗaya. In zan ɗebi jinin mutum yanzu, sai na zauna na nuna masa cewa lamba ce kawai za ta hau kwalbar, sunansa yana cikin littafin da ake kullewa. Kuma kafin in rubuta, sai in sassauta murya in tambaya, “Baba, wannan sunan naka ne, ko na wani da ya riga mu gidan gaskiya?” Mutum biyu sun taɓa kallon gefe, suka ce in goge in sake.